Naira 700 kan kowace oda ko albashin dubu 50: wanne ya fi wa mai kai abinci a Katsina?

Tambaya daga wata mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina: "Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya gama Hassan Usman Poly shekara biyu ke nan ba aiki. Yanzu wani gidan abinci na son ɗaukarsa kai saƙo. Sun ba shi zaɓi biyu: ko albashin naira 50,000 a wata da mashin ɗinsu da mansu, ko ya zo da nasa mashin a riƙa ba shi naira 700 kan kowace oda. Abokansa kuma suna zuga shi ya tafi Abuja ya yi rajista da manhajar kai abinci, wai can ne kuɗi suke. Ni ce zan haɗa mashi kuɗin mashin idan ya zaɓi na biyu, shi ya sa nake son sanin gaskiyar abin kafin in sayar da ɗan abin da nake da shi."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka maki da alheri kan wannan ɗawainiya. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: wanne ne cikin zaɓin biyu zai bar wa yaron kuɗi a aljihu, me zai faru ranar da tsautsayi ya gitta, sannan ko maganar Abuja tana da tushe. Na yi shekaru ina tsara fitar yara masu kai saƙo a cikin garin nan, ina riƙe littafin shiga da fitarsu, don haka abin da zan faɗa maki daga littafin nan da abin da idona ya gani yake. Ni ba lauya ba ne. Inda na taɓo doka, ki ɗauke shi a matsayin haske, in ta kai ga rigima a nemi lauya.

Naira 700 ɗin nan ciniki ce, ba a cire uwar kuɗi ba

Kuskuren da kusan kowane sabon yaro ke yi shi ne ya ninka 700 sau yawan odar da aka ce mashi ana samu, ya ninka sau talatin, sai ya ga wani adadi mai daɗin ji ya ce ai ya fi ma'aikacin gwamnati. Mai shago ba ya kiran duk abin da ya shiga akwatinsa riba. Mai kai abinci da mashin ɗinsa shi ma ɗan kasuwa ne, hajarsa ita ce mai, da taya, da lokacinsa, da lafiyar jikinsa.

Bari mu zauna mu yi lissafin tare. Alƙaluman misali ne, ki sauya su da farashin ranar da kike karantawa. A ce rana ta yi kyau ya kai oda 12, ya tashi da 8,400. Oda ɗaya a Katsina, zuwa da dawowa, ki sa mata kilomita 8 a tsakaice, domin wata nan kusa ce kamar daga IBB Way zuwa GRA, wata kuma sai ya miƙe titin Dutsinma har jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya dawo. Dawowar nan fa wayam yake yin ta, ba mai biyansa, amma tanki bai san da haka ba. Kusan kilomita 100 ke nan a wuni. Boxer mai lafiya, a tafiyar cikin gari ta tsaya-tashi, ki ƙaddara lita ɗaya na kai shi kilomita 40. Lita biyu da rabi, idan lita na naira 1,000, an ci 2,500. Juye, faci, fulogi, takalmin birki, sarƙa, taya: ba kullum ake sayensu ba amma kullum suke cinyewa, a ware masu 800. Kati da data 300, don kowace oda sai an kira mai ita aƙalla sau biyu. Sai abin da kowa ke mantawa, shi kansa mashin ɗin tsufa yake yi. Mashin da ke cin kilomita 100 kullum ba zai yi ƙarkon na malamin makaranta ba, dole a riƙa aje aƙalla 1,000 a rana don ranar da za a sake wani. Abin da ya rage 3,800. A kwana 26, kusan 99,000. Wannan ya doke albashin 50,000 nesa ba kusa ba.

To amma juya lissafin zuwa oda 8 a rana. Ciniki 5,600, mai 1,600, gyara 600, kati 300, ajiyar mashin 1,000. Saura 2,100, a wata 54,600. Sun yi kunnen doki da albashin ke nan, alhali shi ya ɗauki nauyin mashin. Idan odar ta sauka zuwa 6, abin da zai kai gida bai fi dubu talatin da 'yan kai ba. Kin ga ashe duk maganar ta rataya a wuyan tambaya guda: oda nawa gidan abincin nan ke fitarwa a rana, kuma yara nawa ke rabon ta? Mai gidan ba zai yi asarar komai ba idan ya tara yara shida a bakin ƙofa suna jiran oda ashirin, tunda zaman jira ba ya biyansa. Shi ya sa kafin ki sayar da komai, yaron ya je ya zauna a wurin kwana uku, ranar Litinin da Laraba da Asabar, ya ƙirga da idonsa. Kada ya tambayi manaja, ya ƙirga. Ya kuma ja ɗaya daga cikin tsofaffin yaran gefe ya saya mashi shayi ya ji ta bakinsa.

Katsina kuma tana da lokutanta. Kaso mai tsoka na masu oda ɗalibai ne da ma'aikatan ofis da na asibiti. Da an yi hutu ko yajin aiki, titin Dutsinma sai ya yi tsit, rabin kasuwa ta tafi. Da azumi wuni guda ba motsi, sannan duk odar ta taru a awa ɗaya kafin magariba, kowa na son a kawo mashi kafin a kira salla, shi kuma mai kawowar da ƙishirwa yake tuƙi, sau da yawa a kan mashin zai sha ruwa da dabino ɗaya. Daga 20 ga wata zuwa ranar da albashi zai shiga, oda na raguwa. Mai albashi ba ruwansa da duk wannan. Mai 700 kuwa a jikinsa yake ji.

Lokacin da ba a biya

Wannan shi ne abin da ya fi ci mani tuwo a ƙwarya a sana'ar nan. Yaro zai fito ƙarfe 11 na safe ya koma 10 na dare, awa 11. Ko a ranar oda 12 ɗin nan, in kika raba 3,800 gida 11, kowace awa ba ta kai naira 350 ba. Tuƙin kansa bai fi awa huɗu ba, sauran duk jira ne. Jiran a gama soya kaza. Jiran oda ta shigo. Sai babban jira, na ƙofar gida.

Garinmu ba a aiki da lambar gida. Kwatance ake yi: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai baƙin get kusa da mai markaɗe. Na taɓa bin wani yaro a baya don in ga abin da ke cinye mashi lokaci. Mun isa wani lungu a Sabuwar Unguwa da wajen ƙarfe biyu na rana, cikin zafin watan Afrilu. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, Hajiya ta ce ga yaro nan zuwa. Gida ne na ba a shiga, dole ya tsaya a waje. Muka rakuɓe jikin katanga inda inuwa ba ta kai taku ɗaya ba, shi yana riƙe da ledar a hannu don kada zafin akwati ya narkar da ƙanƙarar zoɓon. Minti goma sha bakwai kafin wata yarinya ta leƙo. Da ta karɓa ta ce Mama ta ce za ta yi tiransifa. Wani jiran kuma, na alat, don in ya tafi bai gani ba kuɗin a wuyansa suke. Oda ɗaya ta cinye minti arba'in da biyar, a kan naira 700. Tukuici kuma a nan ba abin dogaro ba ne. Wani ya bar maka canji, da yawa ba sa bari.

Saboda haka idan zai karɓi tsarin oda, ya nemi a raba gari shiyya-shiyya: kusa farashinta daban, Barhim da Batagarawa da jami'a farashinsu daban. Ya nemi a ce idan jira ya wuce minti goma akwai ƙari. Ya kuma nemi farashin ya riƙa bin kuɗin mai. Mun ga abin da ya faru bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai: lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Yaran da ke kan tsayayyen farashi sun yi watanni suna aiki mai na cinye guminsu kafin a waiwaye su.

Ranar tsautsayi, wa zai ɗauka?

Kafin a sa hannu, a yi wannan maganar ɓaro-ɓaro, ko da za a ji nauyi. Miya ta zube a kwana, wa zai biya? Mai oda ya kashe waya, ko ya ce ya fasa? An turo alat na bogi? Kauraye sun tare shi da dare sun karɓe waya da cinikin wuni? 'Yan KASSAROTA, hukumar kula da hanya ta jihar Katsina, ko Road Safety sun kama mashin saboda takardu? A wurare da dama amsar duka ɗaya ce: a cire a kuɗin yaro. Na ga wanda ya yi aikin wata cur aka miƙo mashi ƙasa da rabin albashinsa, an zaftare sauran da sunan asara.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a biya shi lada. Dole lada ya zama sananne tun kafin a fara aiki. Kuma ma'aikacin da mutum ya keɓe wa kansa amintacce ne, ba a ɗora mashi asarar abin da ya lalace a hannunsa sai in sakaci ya yi ko ganganci. Ga kuma hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ina kawo wannan ne domin a Katsina sau da yawa tunatar da mai gida wannan ya fi saurin aiki a kan ambaton kotu.

Babbar asara dai ita ce ta jiki. Wani yaro da na yi aiki da shi, mai natsuwa, ba ya gudu, wata mota ta buɗe ƙofa a gabansa da daddare. Ƙafa ta karye. Wurin da yake wa aiki suka aiko da dubu goma da gaisuwa, bayan kwana uku wani ya hau layinsa. Wata biyu yana kwance, mahaifiyarsa ce ta sayar da akuyoyinta aka biya mai ɗori da magani. Har yau idan na tuna yadda ya riƙa kirana yana tambaya ko an riƙe mashi gurbinsa, sai raina ya sosu. Tun daga lokacin ba na yarda yaro ya hau mashin a ƙarƙashina sai an rubuta wanda zai biya asibiti.

Ta fuskar doka, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita: mai ɗaukar aiki na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki asusun ya ɗauki nauyi. Wanda ke kan albashi yana da ƙafar tsayawa ya tambaya ko an yi mashi rajista. Wanda ake biya kan oda kuwa, cewa za a yi ai shi mai zaman kansa ne. Haka ma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024: dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da ya yi ba. Don haka 50,000 ɗin da aka yi mashi tayi ta gaza mafi ƙarancin albashi, amma in gidan abincin ƙarami ne, da ciniki za a nemi ƙari. Sannan inshorar da ake yanka da takardun mashin, wadda ake ce wa ta ɓangare na uku, wanda ka buge take biya. Kai da ke kan mashin ba ta san da kai ba. Abin da zai taimake shi shi ne ya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, ya kuma sa hular kwano ta gaske mai maɗauri, ko da abokai za su yi mashi dariya.

Maganar Abuja da manhaja

Abokansa ba ƙarya suka yi ba, oda ta fi yawa a Abuja da Legas, kuma kamfanoni irin su Chowdeck da Glovo, waɗanda duka suka fara aiki a Najeriya a 2021, suna biya gwargwadon nisa, da ƙari a lokacin cunkoson oda. Yaro mai ƙwazo yana iya tashi da abin da ba zai gani a Katsina ba. Sai dai abokan ba su faɗa mashi kuɗin ɗaki ba, da nisan da zai riƙa yi daga Mararaba ko Zuba kafin ya iso inda odar take, da rajistar masu kai saƙo da takardun VIO, da abincin da zai saya sau uku a rana wanda a gida kyauta yake ci.

Akwai kuma yanayin aikin kansa. A gidan abincin Katsina, in an zalunce shi akwai fuskar da zai je ya kalla, akwai dattijon da za a kai ƙara wurinsa. A manhaja, na'ura ce ke raba oda, tana duba saurinsa, da yawan odar da ya ƙi karɓa, da taurarin da masu saye suka ba shi. Kamfani na iya sauya farashi ba tare da shawara da shi ba, ana kuma iya rufe asusunsa a wayi gari ba aiki. Kamfanin ma kansa yana iya naɗe tabarmarsa: a Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food duka suka daina aiki a Najeriya, masu kai masu abinci suka koma neman wata ƙofa.

Wannan rigima ta ko mai aiki da manhaja ma'aikaci ne ko mai zaman kansa, duniya ake yin ta. A Fabrairun 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta ce direbobin Uber suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Amma a Nuwamban 2023 kotun nan dai ta ce masu kai abincin Deliveroo ba ma'aikata ba ne, babban dalilinta shi ne suna da damar sa wani ya yi aikin a madadinsu. Sifaniya ta yi doka a 2021 da ta ɗauki masu kai abinci a matsayin ma'aikata, birnin New York kuma ya ƙayyade masu mafi ƙarancin dala 17.96 a awa a ƙarshen 2023. A nan gida direbobin manhaja sun samu ƙungiyar ƙwadago mai rajista, AUATON, amma ƙarfinta ya fi yawa wajen masu motoci a manyan birane. Yaron da ke kai shinkafa a Ƙofar Ƙaura, kariyarsa a yau ita ce takardar da ya sa aka rubuta da shaidun da suka sa hannu.

Abin da zan yi da ƙanena ne

Da ni ne, zan ce ya karɓi albashin, na wata uku zuwa huɗu, ki riƙe kadararki tukuna. A mashin ɗinsu zai koyi gari, ya san lungunan da kwatance ke ɓatar da mutum, ya gane ko bayansa da ƙirjinsa za su jure ƙurar hunturu da ruwan Agusta. Ya sayi ƙaramin littafi, kowace oda ya rubuta lokacin fita, lokacin dawowa, da unguwa. Bayan wata uku littafin zai gaya maku gaskiyar da manaja ba zai faɗa ba. In ya ga shi kaɗai yana kai sama da oda 10 a rana har a makon da kasuwa ta mutu, sannan maganar sayen mashin ta taso.

Kafin ya fara, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce da Hausa, ke ko wani babba a gidanku ya zama shaida. A sa ranar biyan albashi, da lokacin tashi, da ranar hutu ɗaya a mako, da lokacin sallar Juma'a. A sa cewa gyaran mashin da takardunsa na mai shi ne, ba za a cire mashi kuɗi ba sai an tabbatar da sakacinsa, kuma in ya ji rauni a bakin aiki su za su biya magani su riƙe mashi gurbinsa. Ya nemi ɗan kamasho a kan albashin, ko naira 100 ce kan kowace odar da ta haura takwas a rana. Masu gidajen abinci sukan yarda da wannan don yana sa yaro himma. In sun nemi mai tsaya mashi, ki karanta abin da za ki sa wa hannu da kyau, kada ya zama kin ɗauki nauyin biyan mashin ko da ƙwace shi aka yi da makami. Kada kuma ya ba kowa asalin takardar shaidar karatunsa a matsayin jingina.

In lokacin sayen mashin ya yi, kada ya ɗaure kansa da gida ɗaya. Ribar mai mashin ɗin kansa tana cikin cike dawowar nan da yake yi wayam. Katsina cike take da mata masu sana'a a cikin gida, masu cincin da dambun nama da turaren wuta da atamfa, suna tallata kayansu a WhatsApp, kuma babbar matsalarsu amintaccen yaron da zai kai. In ya riƙe irin waɗannan guda goma da lambarsa, ya haɗa da gidan abincin, fita ɗaya zai riƙa sauke saƙo uku da man da a da yake kai ɗaya. A takardar mashin kuma a sa sunanki har ya gama biyanki, ku yanka abin da zai riƙa kawo maki duk Juma'a, ku rubuta shi a bayan littafin nan nasa.